Idan Aka Canja Shugaban Kamfanin Mai: Yadda Ma'aikaci Zai Sa A Ji Maganarsa

Ranar Laraba 2 ga Afrilu 2025, ranar da aka koma aiki bayan hutun ƙaramar sallah, na idar da sallar asuba na ɗauki waya sai na tarar da saƙonni sun taru. Cikin dare fadar shugaban ƙasa ta sanar da sauke Mele Kyari daga shugabancin NNPC, kamfanin mai na ƙasa, tare da rushe hukumar daraktocinsa. An naɗa Bayo Ojulari a madadinsa, Ahmadu Musa Kida kuma ya zama shugaban hukumar daraktoci. Saƙon da ya fi tsaya mini a rai na ɗan yayana ne, wanda bai daɗe da shiga harkar mai ba. Ya rubuto: "Baba, mu ƙananan ma'aikata muna da ta cewa kuwa a irin wannan, ko dai namu ido ne?"

Na yi shekara 26 a wani kamfanin mai mai zaman kansa a yankin Neja Delta, a sashen kula da na'urori, shida daga ciki ina sakataren reshen ƙungiyarmu ta manyan ma'aikata. Shugabanni huɗu suka zo suka tafi a kan idona. Amsar da na ba yaron a waya ta yi gajarta, shi ya sa na zauna na rubuta ta a tsanake, don shi da ire-irensa.

Fara da sanin wanda ke riƙe da wuƙa da nama

Kafin ka ɓata yawunka, gano wanda ke naɗa shugaban kamfaninku. A NNPC, tun da Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar masana'antar man fetur ta PIA ranar 16 ga Agusta 2021, hukumar ta koma kamfani mai rajista, amma duk hannun jarin na gwamnati ne, kuma shugaban ƙasa ke naɗa daraktoci. Haka a Petrobras ta Birazil gwamnati ce mai rinjaye, shi ya sa a watan Mayu 2024 aka sauke Jean Paul Prates aka kawo Magda Chambriard bisa ra'ayin Shugaba Lula. A Shell da BP da ExxonMobil hukumar daraktoci ke zaɓa, manyan masu hannun jari na matsa mata lamba ta bayan fage. In kuwa reshen Najeriya na kamfanin waje kake yi wa aiki, daga hedikwatarsu za a turo muku manajan darakta, wani lokaci ba wanda ya taɓa jin sunansa a cikinku.

Akwai inda ma'aikata ke da kujera a teburin da ake yanke wannan shawara. A Equinor ta Norway ma'aikata na zaɓen wakilansu a hukumar daraktoci, TotalEnergies ma tana da daraktocin da ke wakiltar ma'aikata. Mu a nan ba mu da wannan. Saboda haka duk wanda ya ce maka a tattara sa hannu a nemi a naɗa wane ko a dawo da wane, ka gode masa ka wuce. Ƙarfinmu yana wani wajen. Sabon shugaba yana shigowa ne da kunne a buɗe, kuma cikin makonnin farko kowa na rige-rigen cika masa shi: manajoji, 'yan kwangila, 'yan siyasa, tsofaffin abokai. Aikinka shi ne ka tabbatar abin da ke faruwa a bakin rijiya da ɗakin na'urori ya shiga wannan kunne kafin ya cika.

Ka duba kuma yadda canjin ya zo, don shi zai gaya maka tsawon lokacin da kake da shi. Shell ta sanar tun watan Satumba 2022 cewa Wael Sawan zai gaji Ben van Beurden, bai karɓi aiki ba sai 1 ga Janairu 2023. Fiye da wata uku ke nan na shiri. A Total kuwa, Christophe de Margerie ya rasu a haɗarin jirgin sama a Mosko ranar 20 ga Oktoba 2014, kwana biyu bayan haka aka naɗa Patrick Pouyanné. BP ta wayi gari a watan Satumba 2023 Bernard Looney ya yi murabus, Murray Auchincloss ya riƙe na wucin gadi har aka tabbatar masa a Janairu 2024. Shugaban riƙo ba ya son yanke hukunci mai nauyi, to kada ka kai masa buƙatar da sai an canja tsari. Kai masa abin da sa hannu ɗaya zai warware.

A NNPC ma tarihi ya nuna kujerar ba ta cika ɗumi ba. Daga 2009 zuwa 2016 mutum bakwai suka hau ta: Barkindo, Shehu Ladan, Oniwon, Andrew Yakubu, Dawha, Kachikwu, Baru. Ladan bai cika wata biyu ba. Kyari ne ya daɗe, daga Yuli 2019 zuwa Afrilu 2025. Wanda ke aiki a irin wannan wuri ya kamata takardarsa ta kasance a shirye kullum, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar "namu ne ko nasu"

Wannan ita ce tambayar farko a ɗakin cin abinci, kuma tana da fuska biyu. Ta farko, ɗan gida ne ko daga waje aka kawo shi. Ta biyu, daga wane yanki ya fito.

A kan ta farko, ga abin da aka gani. Ibe Kachikwu ya zo NNPC daga ExxonMobil a watan Agusta 2015, cikin 'yan kwanaki ya rage manyan sassan gudanarwa daga takwas zuwa huɗu, aka yi wa manajoji da dama ritaya. A watan Maris 2016 da aka sanar da sake fasalin hukumar, ƙungiyoyin ma'aikatan mai, PENGASSAN ta manyan ma'aikata da NUPENG ta ƙanana, suka rufe ofisoshi, babban kukansu shi ne ba a tuntuɓe su ba. Sai ka ce to ai baƙo ne. Amma Kyari ɗan gida ne na gaske, har ya taɓa shugabantar reshen PENGASSAN na NNPC, kuma a zamaninsa ne, a watan Satumba 2023, aka sallami manajojin da ritayarsu ta rage ƙasa da wata 15. Sawan ya shafe sama da shekara ashirin a Shell kafin ya zama shugaba, duk da haka cikin wata shida ya juya akalar kamfanin ta yadda masu aiki a ɓangaren makamashin iska da rana suka shiga damuwa. Zama ɗan gida na nufin ya san hanyoyin gidan. Bai nufin zai bar maka ɗakinka yadda yake ba.

Fuska ta biyu ta fi yi mini ciwo, domin mu 'yan Arewa da ke wannan masana'anta mun sha faɗawa cikinta. Na fahimci dalili. Mutum yana aiki nesa da gida, ba shi da yawa, yana jin in nasa na sama to yana da bango. Amma na yi aiki ƙarƙashin babban manajan da muke sallah sahu ɗaya da shi, muna gaisawa da Hausa, shekara uku bai taka tashar da nake ba. Na kuma yi aiki ƙarƙashin wanda ko "sannu" bai iya ba, shi ne ya tsaya sai da aka canja mana na'urorin gano yoyon gas da suka shekara suna ƙarya. Ranar da gas ya yi yoyo ba ya tambayar jihar kowa. In ka bari hirar ta tsaya a kan yanki, reshenku zai rabe gida biyu tun sabon shugaba bai zauna ba, kuma duk takardar da kuka kai za a karanta ta a matsayin kukan ɓangare ɗaya.

Abin da ya fi amfani shi ne ka bincika aikin da ya yi a baya. Ojulari, alal misali, injiniya ne da ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya shugabanci SNEPCo, reshen Shell mai haƙo mai a teku, daga 2015 zuwa 2021, sannan ya kasance cikin manyan Renaissance, wadda ta sayi kadarorin Shell na kan tudu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka da wane harshe za ka yi masa magana: ganga nawa, kuɗi nawa, kwana nawa. Ko wane ne aka kawo muku, nemi mutum uku da suka yi aiki ƙarƙashinsa a matakai daban-daban. Kada ka tambaye su ko mutumin kirki ne, kowa zai ba ka amsa gwargwadon abin da ya samu. Tambaye su me ya yi ranar da aka kawo masa mummunan labari, wa ya taho da shi daga tsohon wurinsa, kuma da kuɗi suka yi ƙaranci me ya fara yankewa.

Yadda ake tattara ra'ayi

A nan ne na fi so ka natsu, don a nan muka faɗi karon farko.

Lokacin canji na biyu da na gani, ina sabon sakatare. Muka kira taro da rana a babban ofis. Waɗanda suka zo su ne masu zaman ofis, su ne kuma masu baki. Muka fito da takarda mai shafi 14, buƙatu sun haura sittin, na farko a jerin alawus ɗin mota na manyan ma'aikata. Muka miƙa ta ranar bikin tarba, ana tafi. Mataimakin sabon shugaban ya karɓa da hannu biyu ya sa a jaka. Ba mu sake jin ɗuriyarta ba. Na daɗe ina jin haushin mutumin, daga baya na gane ko ni aka ba wannan takarda ban san ta inda zan fara ba.

Da canji na uku ya zo, na ɗauki littafi da biro na bi mutane inda suke. Ga yadda za ka yi.

Je ka wurin masu dutin dare, tsakanin ƙarfe ɗaya da uku, lokacin da aiki ya lafa ana shan shayi. Je wurin direbobi a inda suke jiran kira. Je ɗakin gwaje-gwaje, je sito, je wurin masu gadi. Kada ka tsallake 'yan kwantiragi, wato ma'aikatan da ɗan kwangila ya ɗauka, don ba 'yan ƙungiyarku ba ne. A yawancin tashoshin da na sani sun fi ma'aikatan dindindin yawa, su ke taɓa ƙarfe da hannunsu, kuma su ne ba wanda ke tambaya. In akwai reshen NUPENG a wurinku, ku zauna da shugabanninsa tun farko. Ƙungiyoyin biyu uwar ƙungiyar ƙwadago daban suke bi, PENGASSAN na ƙarƙashin TUC, NUPENG na ƙarƙashin NLC, amma bututun da suke aiki a kai ɗaya ne.

Tambaya uku kawai za ka yi wa kowa. Wane abu ne a aikinka kake tsoron zai ji wa wani ciwo ko ya tsayar da aiki? Wane abu ne tsohon shugabanci ya kawo da ba ka so a taɓa? In sabon shugaba zai gyara abu ɗaya cikin wata uku, wanne ne? Tambaya ta biyu mutane kan manta da ita, alhali sabon shugaba na son ya nuna ya zo, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ya rushe abin da ya tarar. In ba ku faɗi abin da ke da kyau ba, zai tafi tare da mara kyau.

Kada ka rubuta sunan kowa, rubuta sashe da rana kawai, kuma ka nuna wa mutum shafin ya gani da idonsa. Kada ka yi wannan aiki a zauren WhatsApp. Duk abin da aka rubuta a can, ka ɗauka yana kan teburin manaja kafin azahar, kuma masu tsoro, waɗanda su ne suka fi sanin matsala, ba za su ce uffan ba.

Ba zan manta da wani dattijo mai gyaran bututu ba, ɗan Bauchi, saura masa shekara biyu ritaya. Na same shi wajen ƙarfe biyu na dare yana ɗumama hannu da kofin shayi. Da na yi masa tambayar farko bai amsa ba. Ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya ciro wani ƙaramin littafi da mai ya ɓata masa bango, ya miƙo mini. Ya ce, "Ɗana, karanta da kanka." Sau goma sha ɗaya ya kai rahoton wani bawul, wato makunnin buɗe bututu da rufe shi, da ke tsiyaya a layin da ke shiga tankin tace ruwa, kowanne da rana da lambar takardar neman gyara. Wata goma sha tara. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka kawo mana ba?" Ya ce, "Ku ai maganar mota kuke yi." Na rufe littafin na kasa haɗa ido da shi.

A ɗakin gwaje-gwaje wata ƙanwarmu, injiniya, ta jira sai da abokan aikinta maza suka fita sannan ta ce, "Yaya, in za ka rubuta ka rubuta wannan." A tashoshin daji biyu babu banɗakin mata, don haka ranar da za ta je ɗebo samfuri ba ta shan ruwa tun safe, a wannan zafin. Shekara huɗu tana haka. Wani direba kuma ya nuna mini saƙon banki a wayarsa: albashin wata biyu bai shigo ba, domin ɗan kwangilar da ya ɗauke su yana cewa kamfani bai biya shi ba, kamfani na cewa ya biya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ka shiga ɗakin ka zauna kafin ya nuna maka.

Kada ka ɗauki maganar tsoro da wasa. Makonni kafin fashewar dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon a tekun Meziko ranar 20 ga Afrilu 2010, inda mutum 11 suka mutu, an yi wa ma'aikatan wurin tambayoyi a asirce, da yawansu suka nuna suna tsoron abin da zai biyo baya in suka kai rahoton kuskure. Wannan haɗari ne ya ci kujerar Tony Hayward, shugaban BP, kamfanin da ake haƙa wa rijiyar, Bob Dudley ya karɓa a watan Oktoba na shekarar. Abin da ƙaramin ma'aikaci ya haɗiye don tsoro, wata rana shi ke sauke na sama, bayan an yi asarar rayuka.

Shafi ɗaya

In ka gama zagaye, ƙirga. Abin da mutum arba'in suka ambata ya sha gaban abin da mutum uku masu ƙarfin murya suka nace a kai, sai dai in na ukun ya shafi rai. Zaɓi biyar, kada su wuce haka. Za a yi rigima a kwamiti, kowa na son nasa ya shiga. Ka tsaya da ƙafarka. Sauran ba a zubar da su ba, suna jiran zaman yarjejeniyar albashi da sharuɗɗan aiki, can ne muhallinsu.

Kowane abu layi uku ko huɗu: mene ne, a ina, tun yaushe, mutum nawa ya shafa, me yake jawo wa kamfani, me kuke so a yi, zuwa yaushe. "Ana sakaci da gyara" ba magana ba ce, kowa zai iya musantawa. "Bawul kaza a layi kaza, an kai rahoto sau 11 cikin wata 19, ga lambobin takardun, in ya ɓalle za a rufe tashar" magana ce da ba ta da makawa. Abin da ya shafi rai shi ne a sama. Abin da ya shafi aljihun masu rubuta takardar shi ne a ƙasa, ko ma a bar shi.

Sannan ka rataya buƙatarku a jikin abin da aka turo shi ya yi. Kowane sabon shugaba da aikin da waɗanda suka naɗa shi suka ɗora masa. Sanarwar da ta kawo Ojulari ta ambaci burin kai haƙar ɗanyen mai ganga miliyan biyu a rana zuwa 2027, da miliyan uku zuwa 2030. Ma'aikacin da ya nuna cewa famfon da ba a gyara ba ko direban da ba a biya ba na rage gangunan nan, ya shiga lissafin shugaban kai tsaye.

Ka lura da iyakar abin da takarda ke iya yi. A watan Satumba 2023 wasu ma'aikatan Shell sun rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a shafin cikin gida na kamfanin suna roƙon Sawan kada ya ja baya daga makamashi mai tsafta. Dubban abokan aikinsu sun karanta, shi ma ya amsa, amma alƙiblar ba ta canja ba. Ina girmama ƙarfin halinsu. Sai dai alƙiblar kamfani magana ce tsakanin shugaba da masu hannun jari, a can muryar ma'aikaci ba ta da nauyi sosai. Inda take da nauyi shi ne abin da ma'aikaci ya gani da idonsa, wanda ba wani rahoton ofis da zai iya ƙaryata shi.

Ƙofar da za a bi

Kada ku miƙa ranar bikin tarba. Ku nemi ziyarar ban girma ta shugabannin reshe cikin mako na biyu zuwa na huɗu, lokacin ya gama karɓar baƙi amma bai gama yanke shawara ba. Kwana biyu kafin zaman, ku ba shugaban sashen ma'aikata da manajan da abin ya shafa kwafi. Wasu za su ce wannan tona asiri ne. Ni na ga amfaninsa. Manajan da aka yi wa kwanton ɓauna a gaban sabon ubangidansa zai zame muku abokin gaba har ya bar kujerar, wanda aka ba dama kuwa sau da yawa yakan zo zaman da rabin maganin a hannunsa.

Ku je ku uku ko huɗu, a ciki har da wanda ke aikin da hannunsa. Mu mun tafi da dattijon nan. Da aka zo kan maganar bawul na yi shiru, ya ajiye littafinsa a kan teburin ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba na jin Turanci sosai, amma lambobin nan suna ji." Shugaban ya ɗauki littafin yana juya shafuka, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya juya ya tambayi manajan gyare-gyare ranar da za a yi aikin.

Kada ku tashi sai an sa wa kowane abu rana da sunan wanda zai ɗauki nauyinsa. A ranar ku rubuta abin da aka tattauna ku aika musu, ku liƙa kwafi a allon sanarwa na kowace tasha don waɗanda suka ba ku amana su ga inda maganarsu ta kai. Maganar yajin aiki kada ta fito a zaman farko. Makami ne na gaske, kuma wanda ya zare shi ranar gaisuwa ba shi da abin da zai zare ranar da aka ƙi shi.

Gyara naka gidan

Duk wannan na jama'a ne. Kai ma kana da iyali. Sabon shugaba kusan kullum yana zuwa da garambawul, saboda haka tun ranar da ka ji sanarwa ka haɗa takardunka a gida: takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, na ƙarin girma, sakamakon auna aikinka na shekara uku, da kwafin yarjejeniyar ƙungiya, musamman sashen da ya yi maganar rage ma'aikata da kuɗin sallama. Nemi bayanin asusun fanshonka ka duba wata-wata. Dokar fansho ta 2014 ta ce wanda ya ɗauke ka aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashinka, kai kashi 8. In akwai giɓi, yanzu ne lokacin tayar da maganar. Ƙirga watannin da suka rage maka ritaya, ka kuma dakata da cin sabon bashi har ƙura ta lafa.

Takardunka kawai za ka ɗauka. Kada ka kwafi takardar sirrin kamfani, kada ka tura wa ɗan jarida ko ɗan siyasa komai don taimakon wani ɓangare. Na ga wanda ya yi haka don ubangidansa ya samu kujera. Ubangidan bai samu ba, shi kuma aka kore shi ba ko sisi, ƙungiya ba ta da bakin kare shi.

Kada ka shiga layin masu kai gulmar tsohon shugaba wurin sabo. Sabon na saurare, amma yana auna ka, ya san haka za ka yi masa in ya tashi. In tsohon ya yi maka alheri, kira shi ka yi masa fatan alheri a fili. Mutunci ne, kuma masana'antar nan ƙarama ce, za ku sake haɗuwa.

Bayan ya zauna

Jawabin farko kowa ya iya shi, kada ka gina komai a kai. Duba waɗanda ya ɗora a kan kuɗi, sayen kaya, sashen ma'aikata da sashen kiyaye haɗari. Duba ko kasafin gyare-gyare ya ragu. Duba ko ya zo tasha ba tare da an share hanya an yi fenti ba. Mafi muhimmanci, duba abin da ya faru da mutum na farko da ya tsayar da aiki don ya ga haɗari. In an gode masa, kowa zai buɗe baki. In an yi masa canjin wurin aiki, to ku koma ga rubuta komai da rana da lamba irin na dattijon nan.

Ranar da wata uku ya cika ku koma da shafin nan ɗaya, kada ku sake rubuta sabo. Ku sa alama a gaban abin da aka yi, ku bar sauran a buɗe. Mu da muka koma, an canja bawul ɗin a mako na shida, an gina banɗakin mata a tasha ɗaya ana haƙa harsashin na biyun, an kuma bar tsarin hutun masu aikin daji yadda yake kamar yadda muka roƙa. Maganar na'urorin gano gas ta ɗauki wata takwas. Ta albashin 'yan kwantiragi kuwa an biya bashin wata biyun, bayan rabin shekara aka sake komawa gidan jiya. Mun nemi a sa sharaɗi a cikin kwangila cewa ba za a biya ɗan kwangila ba sai ya nuna shaidar ya biya mutanensa, aka yi ta ɗage maganar daga zama zuwa zama. Har na yi ritaya layi na biyar a buɗe yake. Ranar da nake miƙa aiki na ciro shafin daga fayil na ba sabon sakatare, na nuna masa layin da yatsa, na kuma ba shi lambar wayar direban.